Turbo: In Zai Mutu Ba Ya Tafiya Shi Kaɗai



A wannan mako za mu yi magana ne a kan wani ɗan ƙarfe wanda girmansa bai wuce tukunyar miya ba, amma in ya tashi ɓaci sai ya ci kuɗin gida guda. Sunansa turbo. Shekarun baya sai a jikin manyan motocin ɗaukar kaya da motocin tsere ake ganin wannan suna. Yau kuwa ga shi a cikin motocin ofis, ga shi a cikin ƙananan motocin da ake kawo mana daga Turai, har mutum ya kan sayi mota ya shekara yana hawa bai san tana da shi ba, sai ranar da bakanike ya buɗe kapo ya girgiza kai. To, don mu gane yadda wannan abu yake mutuwa da irin ɓarnar da yake bari a baya, za mu ɗauki misali da wata tsohuwar motar gudu ta ƙasar Jamus, wadda duk wani mai sha'awar mota a duniya ya san da zamanta, wato Porsche 911 Turbo, wadda masu ita suke kira da lambarta ta ma'aikata, 930. Da wuya mai karatu ya gamu da ita a kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, wannan gaskiya ne. Amma cutar da take kashe injinta ita ce dai take kashe injin motar da ke ƙofar gidanka, kuma a jikinta ne cutar ta fi fitowa fili.

Zugazugin maƙeri

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san cewa gawayi ba ya narka ƙarfe sai an zuga shi. Haka inji yake. Ƙarfinsa yana zuwa ne daga ƙonewar mai, mai kuma ba ya ƙonewa sai da iska, saboda haka iyakar iskar da inji ya iya shaƙa ita ce iyakar ƙarfinsa. Turbo zugazugi ne, sai dai ba yaro ne yake zuga shi ba, hayaƙin injin ne da kansa. Farfela biyu ne a kan sanda guda. Ta farko tana kan hanyar hayaƙi mai zafi da ke fita zuwa salansa, hayaƙin yana juya ta. Ta biyu tana can ɗaya gefen, tana zuƙo iska daga waje tana cusa wa inji da ƙarfi. Sandar da ta haɗa su kuwa ba ta taɓa ƙarfe, tana yawo ne a kan wani ɗan siririn man inji da ake turo mata ba tsayawa, wanda kaurinsa bai kai na gashin kai ba. Mai karatu ya riƙe wannan magana, don duk labarinmu a kanta ya rataya.

Dabarar tsohuwa ce. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwis mai suna Alfred Büchi ne ya yi mata rajista a shekara ta 1905. Ta fara aiki a manyan injunan jiragen ruwa da jiragen sama, sannan manyan motocin kaya. Ba ta shiga ƙananan motoci na sayarwa ba sai a 1962, lokacin da kamfanin General Motors na Amurka ya fito da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair Monza. Ita Jetfire ɗin sai da aka yi mata wani tanki dabam na ruwa gauraye da sinadari don sanyaya wutar injinta, masu ita suka riƙa mantawa da cika shi, ba a jima ba aka daina yin ta, har aka cire wa da yawa daga cikinsu turbon ɗungum. A 1973 BMW ta gwada da 2002 Turbo, sai ta faɗo daidai lokacin tsadar man fetur ta duniya, ba a ƙera ko 1,700 ba aka tsaya.

Mai mayar da mata zawarawa

Ita Porsche daga filin tsere ta koyo aikin. A 1972 da 1973 motocinta masu lamba 917 sun cinye gasar Can-Am ta Amurka da Kanada, ta ƙarshensu tana da ƙarfin doki sama da 1,000. Da wannan ilimi ne aka nuna 911 Turbo a bajekolin motoci na birnin Paris a 1974, aka fara sayar da ita a 1975 a kan kuɗin Jamus na lokacin Mark 65,800. Injinta mai silinda 6 ne, lita 3, yana can baya, bayan ƙafafun baya ma. Ba shi da ruwa ba shi da radiyeta, iska da man inji ne kaɗai suke sanyaya shi. Turbo guda ne babba na kamfanin KKK, yana ƙara matsin iska da bar 0.8, wato kusan kashi 80 cikin 100 a kan iskar da muke shaƙa. Ƙarfinta doki 260, gudunta ya kai kilomita 250 a awa. A 1978 aka ƙara injin zuwa lita 3.3, aka sa masa na'urar sanyaya iskar da turbo ya matsa kafin ta shiga inji, ƙarfi ya kai doki 300. Da giya 4 ta yi rayuwarta, sai a shekararta ta ƙarshe, 1989, ta sami ta biyar. Duka-duka kimanin 21,000 aka ƙera.

Halinta shi ya jawo mata suna. In direba ya taka totur, sai ta yi kamar ba ta ji ba, don babban turbo ba ya tashi sai hayaƙi ya yi yawa. Sai inji ya kai wajen juyi 3,500 zuwa 4,000 a minti, sannan ƙarfin ya zo gaba ɗaya kamar harbin jaki. In hakan ya faru a tsakiyar kwana, ga nauyi duk a baya, sai gindin motar ya wuce kanta. Wannan ya sa Turawa suka yi mata laƙabi da mai mayar da mata zawarawa. Yau mai kyau daga cikinsu tana wuce Yuro 100,000, wato sama da miliyan 65 na sefa, kuma mafi ƙuruciyarsu ta haura shekara 35. Mai irin wannan mota ba ƙaramin mutum ba ne, amma duk da haka in aka ce masa turbo ya tafi da inji, sai ya nemi wurin zama.

Yadda ciwon yake farawa

A cikin wannan mota farfelar turbo tana juyi tsakanin 80,000 zuwa 100,000 a minti, wato sama da sau 1,300 a cikin daƙiƙa guda. Na ƙananan motocin yau ma sun wuce 200,000. Hayaƙin da ke bugun farfelar a injin fetur yana kai zafin digiri 900, har in an yi doguwar tafiya da gudu aka duba da dare sai a ga gidan turbon ya yi ja kamar garwashi. Kuma turbon 930 ba shi da ruwan sanyaya. Man da ke ratsa shi shi ne mai sa santsi, shi ne kuma mai kwashe zafi.

To, ga abin da yake faruwa. Mutum ya zo da gudu, ya tsaya, nan take ya murɗa kontak. Inji ya mutu, famfon mai ya tsaya tare da shi. Amma zafin da ke jikin wancan jan ƙarfe bai je ko'ina ba, sai ya bi sanda ya gangaro inda ɗan ragowar mai yake kwance, ya toya shi. Man da ya toyu yana zama baƙin gawayi mai tauri, irin ƙanzon da ke gindin tukunya. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ƴar hanyar da mai yake bi ta fara toshewa, guntayen gawayin kuma su riƙa kankare zobban tagulla da sandar take juyi a cikinsu. Haka nan in mutum ya tayar da mota da sanyin safiya ya ba ta wuta tun mai bai zagaya ba, ko ya bar mai ya tsufa ya yi datti, ko ya zuba wanda bai dace ba. Duk hanya ɗaya suke bi, wato sanda ta fara taɓa ƙarfe.

Da zobban sun ci, sai sanda ta fara girgiɗi. Tsakanin bakin farfela da bangon gidanta kuwa tazarar ba ta kai milimita guda ba. Rannan sai fiffiken farfela ya taɓa bango. A irin wancan gudu, taɓawa guda ta isa: fiffike ya gutsure, nauyi ya karkata gefe ɗaya, girgiɗi ya ƙaru, wani lokaci ma sandar ta karye biyu.

Akwai kuma hanya ta biyu, wadda ta fi kusa da mu nan ƙasar, wato ƙura. In filtir na iska ya yage, ko tiyon da ke bayansa ya tsage, rairayi yana shiga kai tsaye ya riƙa bugun farfela. Ƙwayar rairayi ba komai ba ce a tafin hannu, amma ga abin da ke juyi sau dubu a daƙiƙa tamkar tsakuwa ce. Sannu a hankali bakin fiffiken ya cinye kamar tsohuwar lauje. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yadda yake jan inji

Da a ce turbo zai mutu ya tsaya nan, da da sauƙi, sai a cire a sa wani. Abin baƙin cikin shi ne ƙofofi uku ne suka haɗa shi da cikin inji, kuma ta kowace ɗaya yana iya aika mutuwa.

Ƙofa ta farko ita ce ta iska. Farfelar da ke tura iska da alminiyom aka yi ta. In ta farfashe, guntayenta ba su da wurin zuwa sai inda iskar take zuwa, wato cikin silinda. Can za su tarar da bawul yana buɗewa yana rufewa, fistan yana hawa yana sauka. Su maƙale a bakin bawul su lanƙwasa shi, su faffasa kan fistan, su karce bangon silinda. A 930 ta lita 3.3 na'urar sanyaya iska ta kan tare wasu guntayen, amma wannan ba taimako ba ne in ba a wanke ta ba, don ajiya ce take yi, wata rana ta sake su cikin sabon inji. Silindar wannan mota kuma ba irin wadda ake kai wa mai injin gyara ya ƙara mata faɗi ba ce. Alminiyom ce da aka shafe cikinta da wani siririn rufi mai tauri da ake kira Nikasil, aikin kamfanin Mahle. In rufin ya karce, galibi sai dai a sayi silinda da fistan sababbi tare.

Ƙofa ta biyu ita ce ta wuta, kuma ita ce ta fi saurin kisa. In sanda ta yi girgiɗi, man inji yana tsallakewa ya bi iska ya shiga silinda. Fetur da ya gauraya da man inji ba ya jiran tartsatsin buji ya ƙone a hankali yadda aka tsara. Wani sashensa sai ya fashe da kansa, kamar an buga guduma a kan fistan. Wannan shi ne ƙarar nan da ake ji kamar tsakuwa a cikin gwangwani. Injunan yau suna da kunne na lantarki wanda yake jin wannan ƙara ya rage wuta nan take, kuma kamfanin Saab na ƙasar Suwidin ya fara sa wa motocinsa masu turbo irin wannan tsaro tun 1982. Ita 930 har aka daina yin ta ba ta da shi. Ga inji a baya, ga ƙarar fanka, direba yana can gaba yana jin daɗin gudu bai ji komai ba. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan gefen fistan inda zobba suke zama ya karye, ko kuwa tsakiyarsa ya narke ya huje.

Wannan fashewar tana kuma zuwa ta wasu hanyoyi biyu da suka shafi turbo. Akwai wata ƙofa da aka yi a kan hanyar hayaƙi, wadda take buɗewa in matsin iska ya kai bar 0.8 don ta karkatar da ragowar hayaƙin kada turbo ya wuce ƙa'ida. In ta maƙale, matsi sai ya yi ta hawa. Porsche ta sa wani makunni da yake yanke famfunan fetur in abin ya wuce gona da iri, amma a mota mai shekara 40 ba kowane makunni ne yake raye ba, wasu kuma masu ita da kansu suke canja ƙarfen da ke riƙe ƙofar don su sami bar 1 ko fiye, su ƙara doki. Sannan akwai na'urar da take ƙara fetur a lokacin da turbo ya tashi. In ta tsufa ta daina ƙarawa, iska ta yi yawa fetur ya yi kaɗan, wutar cikin silinda sai ta zama irin ta mai walda. Sakamako ɗaya ne, fistan ya narke.

Ƙofa ta uku ita ce ta mai, ita kuma a hankali take kisa. Man da ya ratsa turbo yana komawa cikin inji ne. In zobban tagulla sun niƙe, garinsu yana bin man. Motar 930 tana ɗaukar kimanin lita 13, kuma man ba a gindin inji yake kwana ba, yana da tankinsa dabam a gefe, da dogayen bututu da suke tafiya har gaban mota inda ake sanyaya shi. Duk waɗannan wurare maɓoyar garin ƙarfe ce. Wanda ya sa sabon turbo bai wanke tanki da bututu ba, bai canja abin da ba ya wankuwa ba, to ya sani garin nan zai dawo, ya cinye sabon turbon, ya wuce zuwa ga kusine na babbar sandar inji. Daga nan sai a ji inji ya buga. Gyaran irin wannan inji a Turai yana cin kuɗin da zai sayi sabuwar ƙaramar mota fil.

Ruwa ba ya tsami banza

Turbo ba ya cika mutuwa bai yi sallama ba. Alamarsa ta farko kuka ne: ɗan fito da aka saba ji sai ya koma kamar jiniyar motar asibiti, yana hawa yana sauka tare da totur. Ta biyu shuɗin hayaƙi, musamman in mota ta daɗe a ralanti sannan aka taka ta. Ta uku shan mai ba tare da an ga ɗigo a ƙasa ba. Ta huɗu raguwar ƙarfi a hawan tudu. Bakanike na ƙwarai zai cire tiyon iska ya kama bakin sandar da yatsa, inji a kashe kuma ya huce. Ɗan motsi kaɗan gefe da gefe ba laifi ba ne, don wurin mai ne. Amma in farfela tana taɓa bango, ko sanda tana shiga tana fita, to magana ta ƙare, kada a sake tayar da motar.

Sai dai kuma a yi hattara, don sau da yawa ana ɗora wa turbo laifin da ba nasa ba. A 930 turbon yana can ƙasa ne, ƙasa da inda mai zai iya gangarowa da kansa ya koma, saboda haka aka yi masa wani ɗan famfo dabam mai kwashe man. In wannan famfo ya gaza, mai sai ya taru ya cika turbo ya fita ta salansa, hayaƙi ya turnuƙe, alhali turbon lafiyarsa lau. Haka nan man wannan mota ana auna shi ne inji yana aiki kuma ya yi zafi. Wanda bai sani ba ya auna da safe a kashe, ya ga kamar babu, ya ƙara lita biyu, sai rarar ta bi hanyar numfashi ta shiga inji. Mutane da yawa sun sayi sabon turbo a kan wannan, suka ɗaura, hayaƙi bai daina ba. Ka'idar da ƙwararru suke bi ita ce, ba a sa sabon turbo sai an gano abin da ya kashe tsohon, in ma ya mutu ɗin.

Ba Porsche kaɗai ta sha wannan ba. A ƙarshen 1981 kamfanin Maserati na Italiya, a hannun Alejandro de Tomaso, ya fito da Biturbo, mai ƙananan turbo biyu, a kan farashin da ya sa mutanen da ba su taɓa riƙe irin wannan mota ba suka yi rububinta. Suka riƙa hawanta kamar kowace mota, su zo da gudu su kashe. Turbo suka yi ta ƙonewa, injuna suka bi su. Daga baya, a tsakiyar shekarun 1980, aka sa wa turbon hanyar ruwan sanyaya, abin ya yi sauƙi, amma suna ya riga ya ɓaci, har a 2007 mujallar Time ta Amurka ta sa ta cikin jerin motoci 50 mafi muni da aka taɓa yi.

Darasin Tenere

Manyanmu da suka ga zamanin tseren Paris zuwa Dakar za su tuna shekara ta 1986, shekarar da mai shirya tseren, Thierry Sabine, ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a ƙasar Mali. A wannan shekara Porsche ta kawo motoci 3 samfurin 959, ƙanwar 930, kowace da turbo biyu. Suka ratsa Agadas da Tenere da Yamai, cikin tafiyar kimanin kilomita 14,000. René Metge ya zo na ɗaya, Jacky Ickx na biyu, ta ukun da take biye da su don taimako ta zo ta shida. Abin lura a nan shi ne, 959 ta kan titin Turai tana da ƙarfin doki 450, amma da injiniyoyin suka san za su shigo ƙasar zafi da ƙura da fetur wanda ba su da tabbacin ingancinsa, sai suka rage ƙarfin zuwa wajen 400. Mutanen da suka ƙera injin da hannunsu, kuma suka zo neman nasara ido rufe, su ne suka ga ya kamata su sassauta masa a ƙasarmu. To, ina ga wanda ya sayi tsohuwar mota da ta riga ta ci kilomita 200,000 a Turai?

Abin da ya rage gare mu

Yanzu sai mu dawo gida. Turbon motocin yau ya fi na 930 jimiri nesa ba kusa ba: yawancin na fetur suna da ruwan sanyaya, man inji ya inganta, kwamfuta tana sa ido. Amma sanda tana nan tana yawo a kan siririn mai kamar yadda take yi tun zamanin Büchi, kuma zafinmu da ƙurarmu ba su ragu ba. Saboda haka ga abin da wannan fili yake ba da shawara.

Alhaji, in ka taso daga Maraɗi za ka Yamai, ka yi awa biyu kana gudu, ka tsaya Ƙonni don salla ko cin abinci, kada ka kashe mota da tsayawarka. Ka sassauta gudu tun kafin ka shiga gari, in ka tsaya ka bar ta a ralanti minti ɗaya ko biyu. Da safe kuma in ka tayar, ka ba ta ɗan lokaci mai ya zagaya, ka tafi a hankali har ta yi ɗumi. Al'adar nan ta taka totur da ƙarfi sannan a kashe kontak, wadda wasu direbobi suka gada daga zamanin tsofaffin motoci, ita ce mafi muni, don tana tayar da turbo da gudu daidai lokacin da za a yanke masa mai. Wanda yake da direba ya gaya masa wannan da bakinsa.

Bidanji kuma a yi shi kafin lokacin da littafin mota ya faɗa, don lissafin littafin na ƙasar sanyi da kwalta ne. A sayi irin man da aka rubuta wa motar, a rufe cikin galan nasa, daga wurin da aka amince da shi, a canja filtir tare da shi. Man da ake aunawa a kwalba ba a san asalinsa ba, araha kuwa ba ta ado. Filtir na iska a duba shi sau da yawa lokacin hunturu da bayan kowace tafiya a hanyar jar ƙasa. Hura shi da iskar kwamfaresa mai ƙarfi tana yaga takardarsa ta inda ido ba ya gani, gara a canja.

Masu motocin gazuwal kuma akwai wani haɗari da ya keɓanta da su. Injin gazuwal yana iya ƙona man inji kamar yadda yake ƙona gazuwal. In turbo ya fashe ya riƙa zuba masa mai ta hanyar iska, sai inji ya ɗauki gudu da kansa, farin hayaƙi ya rufe hanya, a cire makulli ma ba zai tsaya ba, har sai ya shanye mansa ya tarwatse. In haka ta faru da mota mai giyar hannu, a taka birki da ƙarfi, a sa babbar giya, a saki kuloci don inji ya shaƙe ya mutu. In ba ta yiwu ba, a toshe bakin iska da katako ko wani abu mai tauri, ba da hannu ba, ba da tsumma ba. In duk ya gagara, a fitar da mutane a yi nesa, don inji ana sayen wani.

Ma'aikatan da suke riƙe da motocin gwamnati da na ayyukan raya ƙasa, ku ma maganar ta shafe ku. Motar da aka jingine a bayan ofis an ɗora ta a kan duwatsu, sau da yawa ba haɗari ta yi ba, wani ne ya ji kukan turbo ya ce bari a gama wannan tafiya tukuna. Dukiyar jama'a amana ce. Ɗan kasuwa kuma da zai sayi mota ta hannu, ya tafi da bakanikensa, a cire tiyo a duba farfela, a ga ko akwai mai kwance a ciki, kafin kuɗi su fita daga aljihu. In kuwa an tashi gyara, a canja bututun da ke kai wa turbo mai, a wanke hanyar iska kaf, a zuba wa sabon turbon mai da hannu kafin a tayar. Bakaniken da ya ce ba sai an yi wannan ba, a nemi wani.

Bajamushe mai 930 yana da garaji mai rufi da ƙwararrun da suka san motarsa kamar yunwar cikinsu, amma duk da haka in ya zo gida sai ya zauna a ciki minti biyu yana jiran ƙarfe ya huce. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Nan za mu dakata. Allah ya tsare mu a kan hanya, ya kai kowa gidansa lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.